Igiyar da Yaya Ya Ƙi Saki

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, akwai rana ɗaya da ba za ta fita daga kaina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ga mutum ya naɗa igiya a wuyan hannunsa, ko da ta guga ce, sai in ji gabana ya faɗi.

Mu mutanen Zongon Parakou ne, gidanmu gidan shanu da nama. Ni na kauce na buɗe shagon kayan babur a unguwar Albarika, amma yayana ya gaji mahaifinmu. Aikinsa a kara, wato kasuwar shanu, shi ne kama bijimin da ya gagari kowa. Masu wannan aiki suna da doka guda: in igiya ta shiga hannunka, ba ka sakinta. Bijimin da ya kuɓuce a tsakiyar kasuwa yana iya halaka mutum, kuma wanda ya sake shi ba zai ƙara ɗaga kai a cikin 'yan'uwansa ba. Saboda haka da dabba ta fizga, sai su naɗe igiyar a wuyan hannu, su kafa ƙafa, su kwanta baya. Yaya ya yi wannan tun yana saurayi, har hannunsa ya koyi yin abin shi kaɗai.

Kawunmu, wan mahaifiyarmu, a Djougou yake, yana fataucin goro kamar kakanninsa. Shi ya ɗora mu a kan zuwa kamun kifi. Duk shekara da kaka, in ruwan sama ya ɗauke, sabuwar doya ta cika kasuwa, sai mu haɗu a wani tafki da madatsa ta tara, wanda mutanen wurin ke kira baraji. Shi ya taso daga Djougou, mu daga Parakou, mu bar kwalta mu bi hanyar gonaki. A lokacin ne ruwan ke cika ya fara washewa, manyan kifaye su fito farautar ƙanana. Karfasa da tarwaɗa muke samu, wani lokaci tsage mai haƙora. Giwan ruwa kuwa labarinsa kawai muke ji.

Da aka tare ruwan, daji ne ya nutse a ciki. Matattun itatuwa na nan tsaye a gefe guda na tafkin, wasu kawunansu a waje, wasu a ɓoye a ƙasa. Nan kifi yake, nan kuma muke zuwa.

A shekarar da abin ya faru, mun isa da hantsi. Muka ari kwalekwale a wurin wani manomi da muka saba da shi, muka bar kayan gashi da yaji a gindin ɗorawa, muka shiga. Kawu mutum ne mai jiki, shi ya zauna a baya da filafili. Ni ina tsakiya, Yaya a gaba. A cikinmu babu wanda ya iya iyo na kirki. Abin da ya kamata ya dame mu ke nan, amma mun sha zuwa lafiya mu koma lafiya, sai muka daina tunaninsa.

"Mai shanu," in ji Kawu, "bara me ka kama ma? Tuna mini. Ko ɗan kifin nan ne da kyanwa ta shinshina ta wuce?"

"Kawu, bana za ka gani."

"Bara ma haka ka ce. Auta, kai ne shaida."

Na ce ni ba ruwana. Yaya ya yi dariya, ya fito da abin da ya tanada: igiyar nailan mai kauri da babbar ƙugiya. Ya maƙala ƙaramar karfasa mai rai, ya wurga ta kusa da itatuwan, ya riƙe igiyar da hannu.

Mun daɗe babu labari. Rana ta yi zafi, Kawu ya fara gyangyaɗi da goro a baki. Sai na ga igiyar Yaya ta miƙe a hankali, ta fara gudu tsakanin yatsunsa. Ya fizga. Ruwa ya tsage can gabanmu, wani abu fari mai faɗin ƙyauren ɗaki ya juya, na ga ido guda yana ƙyalli, sannan ya nutse. Iyakar ganin da na yi wa kifin ke nan. Kwalekwalen ya juya da kansa ya fara bin sa.

"Giwan ruwa!" Kawu ya tofar da goron. "Dusma, dusma, a hankali! Ba shi igiya ya gudu, in ya gaji ka jawo!"

Yaya bai ji ba, ko kuma ya ji hannunsa ne bai ji ba. Ina kallo ya juya wuyan hannunsa na dama, igiyar ta naɗu, ya ƙara juyawa ta ƙara naɗuwa. Ya miƙe tsaye a cikin kwalekwale, ya kafa ƙafa, ya kwanta baya, daidai yadda yake yi a kara.

"Zauna! Warware ta!" Kawu ya daka masa tsawa. "Wannan ba sa ba ne!"

"Ban taɓa sakin igiya ba, Kawu."

A kara akwai ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa. A nan katako ne mai yawo a kan ruwa. Kifin ya yi kwana zuwa cikin itatuwan, igiyar ta koma gefe, sai kawai na ga tafin ƙafafun Yaya a sama.

Ya taso yana tari, ya cafki bakin kwalekwalen da hannun hagu. Na yi hamdala, na kama rigarsa zan jawo shi. Ya ƙi tasowa. Sai da na leƙa na gane dalili. Hannunsa na dama a miƙe yake zuwa ƙasa, cikin ruwa. Kifin ya shige ƙarƙashin wani reshe da ya nutse, igiyar ta zagaya reshen, saboda haka duk fizgar da ya yi, ƙasa take jan Yaya. Igiyar kuma ta shaƙe wuyan hannun, ko yana so ba zai iya warware ta ba yanzu.

Kifin ya fizga. Fuskar Yaya ta nutse, bakin kwalekwalen ya bi hannunsa har ruwa ya kwararo mana a ƙafa. Kawu ya jefa nauyinsa ɗaya gefen, jirgin ya ɗan daidaita. Yaya ya taso, amma wannan karon haɓarsa a kan ruwa take. Kifin ya ci igiya, kuma ba ya mayarwa.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda komai ya ci gaba da zamansa. Rana na haskawa, balbelu na zaune a kan itatuwa, can nesa wata mata na shanya rogo a kan dutse, ba ta ma san muna yi ba. Na yi ihu, muryata ta tafi a kan ruwa ba ta dawo da kowa ba.

"Wuƙa," in ji Kawu. "Auta, ina wuƙa?"

Tamu tana gindin ɗorawa tare da yaji da albasa. Saura ta Yaya, wadda ba ta rabuwa da ƙugunsa, kuma ƙugun yana cikin ruwa. Shi ba shi da hannun ɗauko ta: ɗaya a ɗaure, ɗaya kuma in ya saki jirgin ya tafi ke nan.

Na kwanta a kan cikina a bakin kwalekwalen. Kawu ya damƙi bayan wandona da hannu ɗaya, ya karkata sauran jikinsa waje don kada mu kife. Na cika ƙirjina da iska, na tura kaina da kafaɗuna cikin ruwa. Ba na ganin komai sai kore-kore. Na lalubi haƙarƙarinsa, na sauka zuwa ƙugu, riga ta naɗe kuben wuƙar. Iskata ta ƙare na fito hannu wofi. Na sake komawa, na yage rigar, na zaro wuƙar.

Da na ɗago, fuskata dab da tasa. Ya ɗaga kai sama, bakinsa da hancinsa kawai ke waje. Ya ga wuƙar a hannuna.

"Kar ka yanke," ya ce, ruwa na shiga bakinsa. "Ya gaji. Ina jin sa. Saura kaɗan."

Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai yi mamakin cewa na tsaya. Amma na tsaya. Wannan mutumin shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, bai taɓa cewa kar in yi abu na yi ba. Wuƙa na hannuna, ina kallon idonsa, na kasa motsi.

"Yanke!" Kawu ya yi ƙara a bayana. "Uwarku ƙanwata ce! Me zan je in gaya mata? In ce kifi ya tafi da shi ina kallo?"

Kifin ya sake fizga. Yaya ya nutse gaba ɗaya, sai yatsunsa na hagu a bakin katako, suna zamewa. Na bi shi. Na kama kafaɗarsa ta dama, na bi damtsen, na bi gwiwar hannu, har na taɓa dunƙulen hannunsa. Tsorona kada in yanke jijiyarsa a cikin wannan ruwa da ba na gani. Na wuce yatsunsa, na ji igiyar a miƙe kamar waya, na juya kaifin wuƙar waje, na ɗora. Ko gogawa ban yi ba ta tsinke.

Yadda muka shigar da shi jirgin, har yau ban iya tsara shi daki-daki ba. Na dai tuna shi kwance yana aman ruwa, Kawu na kwarfe jirgin da hularsa yana salati. Igiyar ta nutse cikin naman wuyan hannun, hannun ya kumbura ya yi baƙi. Da muka kai gaci muka warware ta a hankali, yana cije da leɓe. Maganar farko da ya yi, ba tare da ya kalle ni ba, ita ce: "Da ka bar ni, da na fito da shi."

Kawu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai kuka ya ƙwace masa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Na ɗauki Yaya a bayan babur zuwa asibitin da ya fi kusa, aka ɗinke wurin. Hannun ya warke, amma ƙananan yatsunsa biyu ba su ƙara jin taɓi sosai ba, kuma tabon ya zagaye wuyan hannun kamar munduwa. Ya koma kara ya ci gaba da aikinsa. Maganar tafki ba ta ƙara haɗa mu ba, ni kuma na zauna da zaton yana riƙe da ni a zuciya.

Da kaka ta zagayo, shi ya fara kiran Kawu a waya. Na so in ƙi zuwa, amma na ga in ban je ba, zai tafi ne ko babu ni. A bakin ruwa, kafin mu shiga jirgi, ya kwance kuben daga ƙugunsa ya miƙo mini.

"Riƙe a wurinka, Auta," ya ce. "Wannan hannun ba ya jin magana. In ka ga ya naɗa, kar ka tambaye ni."

Abin da na koya ke nan. Halin da ya tsare mutum shekara da shekaru a wurin aikinsa yana iya zama ajalinsa in ƙasa ta canza a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma shi ne zai zama na ƙarshe da zai gane. A irin wannan lokaci yana bukatar wani a kusa da shi, wanda yake ƙaunarsa har zai iya saɓa masa. Wuƙar tana wurina har yanzu. Duk kaka ni nake ɗaura ta, in zauna a bayan Yaya, idona a kan wuyan hannunsa.