Injiniya da Manhajar da Aka Kulle

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Safar, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokin aikinmu da muke kira Injiniya, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda.

Injiniya, kai ka rubuta manhajar da ƙananan asibitoci suke auna maganin yara da ita gwargwadon nauyinsu. Ban manta ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta bugo waya ba, ta ce kwamfutarsu ta ƙi tashi. Ka ture abincinka, ka hau babur, ba ka dawo ba sai da kowane yaro ya sha maganinsa.

Shugaban kamfaninmu kuwa ba yara ne a gabansa ba. Fargabarsa kada abokan hamayya su warware manhajar su ga yadda aka gina ta. Ya tilasta maka ka cukurkuɗa cikinta, ka rufe ta da wata tsohuwar manhajar kullewa wadda masu ita suka daina gyarawa tuntuni, ba ta kuma tafiya sai a kan tsohon tsari mai cike da ɓaraka. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ɓarawo ba zai sha wahalar buɗe wannan ba. Mu masu gyara kaɗai za ta wahalar." Ya ce, "Tunda tana aiki, a bar ta."

Kana kwance ana yi maka wankin ƙoda masu kutse suka bi ta wannan ɓarakar suka tsayar da kwamfutocin wani asibiti. Ka roƙi shugaban ta waya ya yarda a saki wata sabuwar manhaja da ka gina a buɗe, ba tare da kullewa ba. Ya ƙi.

Ranar gaisuwa ya zo cikin ƙamshin turare. Hannunsa bai gama sauka daga shafa addu'a ba ya sunkuya wajen ƙaninka ya ce, "Ina kwamfutar marigayi? Kada wani ya leƙa cikinta." Na tashi na fita. Har yau asibitocin nan tsohuwar suke amfani da ita.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa lafiyar yaran nan cikin mizaninka. Mahaifiyarka, mai ɗakinka da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku.