Maganar Ouma da Ban Gane Ba

Jiya a kasuwar Gadarif wata mai shayi ta barbaɗa mini kirfa a kofi, sai na ji bakina ya ce "kaneel". Nan take na tuna da tsohuwar da ta koya mini kalmar.

A gidan ɗanta aka sauke ni lokacin da na je aikin sa kai a Afirka ta Kudu. Musulmi ne, yaren Afrikaans suke yi. Kowa Ouma yake ce mata, wato kaka. Kullum da safe takan zaunar da ni a kicin, ta ɗaga abu ta faɗi sunansa, kuma ba ta miƙo mini shayi sai na maimaita. In harshena ya sarƙe ta yi dariya ta ce, "Stadig, my kind," wato a hankali, ɗana.

Wata rana da hantsi, daga ni sai ita a gidan, ta yanke jiki ta faɗi. Na buga wa ɗanta waya, na dawo na tallafe kanta. Hannunta ya yi sanyi, yana warin albasar da take yankawa. Ta riƙe ni tana magana da sauri, tana kallon idona, tana jiran amsa. Ni kuwa sunan cokali na sani, da na gishiri. Na ce, "Ouma, ban gane ba." Da Hausa ma na faɗa. Kafin ɗan nata ya iso ta cika.

Bayan jana'iza ya tambaye ni, "Me ta ce maka?" Har yau ba ni da abin gaya masa.

Allah Ya ji abin da ta roƙa. Ya biya mata shi, Ya haskaka kabarinta.