Makullin Motar da Ba a Ba Baba Ba

Mun tashi da asuba daga Gusau mu uku, ni da mai ɗaukar hotonmu da direba. Sammakon bai amfana mana komai ba, don a mararrabar Mayanchi muka tarar da motoci jere. Ba mai shiga hanyar Anka sai rana ta ɗaga, an ga motar farko ta fito daga can lafiya.

Ga wanda bai san aikina ba, talla nake rubutawa. Ni na rubuta tallan takalmin kambas ɗin nan da kuka yi ta tura wa juna, wanda ke zuga ma'aikatan ofis su riƙa tashi daga kujera suna motsa jiki. A tallan, manaja mai tumbi na haki a kan matakala, tsohon masinja ya wuce shi da fayil a hammata, aka rubuta a ƙasa: mutumin Gummi bai san zama ba, sai gumi. A ƙarshe manajan ya miƙa wa tsohon makullin babbar motarsa, ya karɓi takalmin. Manajan ɗan wasa ne, motar ta aro ce, amma tsohon masinja ne na gaske a wani ofis a Gummi, kullum kuma a ƙafa yake zuwa aiki daga ƙauyensu. Maigidanmu na wurin aiki ya ga abin ya karɓu, shi ne ya turo mu mu ɗauko kashi na biyu.

A Anka muka karya. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma, yajin ne kawai bai canza hali ba. Muna cikin ci sai na ji muryar tsohon na fita daga wayar wani mai haƙar zinari da ya ce daga Bagega yake. Sau uku ya maimaita, yana dariya har da buga cinya. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Saura kaɗan in ce masa ni ne.

Daga Anka zuwa Gummi kwalta ce a wasu wurare, a wasu wuraren kuwa sai labarinta. Dawa ta yi tsawo dama da hagu, ga gonaki tsakani da ba a taɓa ba bana, ciyawa ta cinye su. Direba ya kashe rediyo. Shingayen jami'an tsaro kuwa na daina ƙirgawa.

Mun isa ofishin kafin azahar, ba tsoho ba alamarsa. Wani akawu ya ɗago ya dube mu, ya dubi kyamara, ya ce, "Ku na kunka yi mai aikin ga? Baba ya yi sati shida bai taka nan ba." Sai da muka rantse ba sharri ya kawo mu ba sannan ya yi mana kwatance, shi ma da murya ƙasa-ƙasa.

Muka juyo baya, muka ratse ta wajen Nasarawar Burkullu, muka bi hanyar ƙasa da ruwan sama ya farfashe har wani gari a ƙasar Bukkuyum. Sunan garin ba za ku ji shi a bakina ba. Na taɓa nuna wa duniya hanyar gidan mutumin nan sau ɗaya, ya isa.

A ƙuryar gidan 'yarsa muka same shi zaune kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura don zama. Bai yi mana faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya sa aka kawo mana hoce da fura, ya tambayi hanya, har ya tsokane ni. "Ɗana, gumin nan naku na Kanawa ne. Mu nan zuhwa muka cewa."

Sannan ya ba mu labari. Tallan ya isa ƙauyensu, mutane suka ga an miƙa masa makulli, shi ke nan magana ta zauna: an ba Baba mota, ya sayar, ya ɓoye kuɗin. Dangi suka fara zuwa gaisuwa da buƙatu. Bayan su sai waya daga daji, daga mutanen da ba a ambaton sunansu da ƙarfi, suna taya shi murna, suna cewa suna nan tafe. Hoton ya nuna gadar da yake tsallakawa da tsamiyar da yake hutawa a gindinta, don ni na ce a ɗauko su, wai sun yi kyau. Ya bar aikin, ya bar geronsa a gona, ya kwashe iyali.

"Wa ab ba ni mota?" in ji shi. "Makullin ma kun amshe abinku tun ban aje numfashi ba."

Na fita waje na kira maigidanmu. Ya saurara, ya ce Allah ya kyauta, sannan ya tambaye ni ko tsohon zai iya tsayuwa a ɗauki kashi na biyu. Abin da na faɗa masa ba na rubutawa ba ne. Amma ko ina zaginsa na san ba shi ya rubuta wurin makullin ba. Ni ne, a kujerata mai juyawa, ƙarƙashin fanka, ina koya wa jama'a muhimmancin tafiya a ƙafa. A nan jihar aka haife ni. Na san abin da ake yi wa wanda aka ji ya samu, ban dai tuna ba, saboda wasan ya yi mini daɗi.

Na koma na ce wa tsohon za mu goge tallan. Ya girgiza kai, ya ce wayar mutum nawa za mu bi. Abu ɗaya ya roƙa. "Ku yi wani, ku gwada ma mutane ban da komi. Amma ku sa dariya ciki. Na lura in ba dariya ba su turawa."

Muka kafa kyamara a jikin bangon da ba mai gane shi. Na yi iya tunanina, abin dariya ko ɗaya bai zo mini ba. Shi ya yi ƙoƙari da kansa: ya juye aljihunsa biyu, goro rabi ya faɗo, ya ɗaga shi ya ce ga motar. Mai ɗaukar hoto ya yi dariya, sannan ya juya baya yana share ido.

A Anka muka kwana don yamma ta yi, washegari muka iso Gusau lafiya. Tafiyar nan ta koya mini cewa wasan da ya tsaya wasa a ofis, idan ya shiga ƙauyen da ake kwana da ido ɗaya, shaida yake zama a kan mutum. Haushin kaina nake ji, ina jin na maigidanmu, kuma ku ma ban bar ku ba.

Kwana huɗu ke nan da na sa sabon hoton a shafin nan. Wancan kun tura shi har wa surukanku. Wannan kun danna masa alamar tausayi kun wuce. Ba tausayinku yake nema ba. So yake maganar ta isa daji kafin geronsa ya zube, kuma ba ta da ƙafar zuwa sai ta wayoyinku.