Ɗacin da Ban Ɗanɗana Ba

Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifiyata tana da rai a Maradi, kuma har yau ba ta san abin da ya hana ni kiran ta shekara huɗu ba. Ku samarin da kuke shigowa Faransa da ƙaramar jaka da babban buri, da ku nake.

Na zo Lyon ina da shekara ashirin da biyu. Kawuna Alhaji yana da kanti a unguwar Guillotière, yana sayar da shinkafa, man ja, busasshen kifi da turare. Ni ne mai shara, ni ne mai ɗaukar kaya. Juma'a ba ta wuce ni, kowa yana cewa ɗan Alhaji mai hankali ne, ni ma har na yarda.

Daga baya na samu aikin wanke kofuna a wani gidan cin abinci. Mai haɗa abin sha a wurin, wani dattijo mai ƙunci, shi ya koya mini mojito. Ka sa ganyen na'a-na'a kamar goma a kofi, da sukari cokali biyu, da yankakken lemun tsami. Ka danna da ƴar taɓarya a hankali, ba irin dakan yaji ba, don in ganyen ya yage ɗaci zai fito. Sai ƙanƙara, sai rom, wato barasar rake, sai ka cika da ruwa mai gas. Dokarsa ta ƙarshe ita ce, kafin ka miƙa wa mutum, ka tsoma tsinke ka ɗiga ɗigo ɗaya a harshenka. Nan na ƙi. Na ce ni Musulmi ne, ba na sha. Na faɗa da ƙarfi ina hura hanci, kamar wanda ya haɗa bai kurɓa ba ya tsira. Kawu kuwa na gaya masa lemo nake haɗawa.

Hannuna ya faɗa sosai, har masu hali suka fara kira na gidajensu in haɗa wa baƙinsu. A can na fara lalacewa. Ranar farko ragowar kwalba na sa a jaka. Wata rana na ga agogo a bakin wurin wanke hannu, na ɗauka, na yi kwana uku ina jiran ƴan sanda, ba wanda ya zo. Wani ɗan garinmu mai suna Garba, da ke zaune a Montreuil, gefen Paris, shi ya saye shi. Shi ya ce in bar Lyon in dawo Paris, gidajen can sun fi maiƙo. Na bar kawu ko sallama ta kirki ban yi masa ba.

Garba ne ya kawo ƴar kwalbar maganin barci. Da na ja da baya ya yi dariya.

"Barci kawai za su yi, ɗan'uwa," in ji shi. "Mutanen nan sayen barci suke yi a kantin magani, kai kyauta za ka ba su."

Sau biyu muka yi. Nakan zuba maganin a kofin mai gida, in ya ɓingire sai in buɗe wa Garba ƙofa ya kwashi kaya. Tun daga lokacin tsoro bai bar ni ba. In na ji jiniya sai in canza hanya, in mutum ya kalle ni a jirgin ƙasa na metro sai in sauka tashar da ba tawa ba. Amma ban daina ba.

Na ukun shi ne Malam Andre. Bature ne tsoho, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a bene na huɗu. Ya koyar a Damagaram yana saurayi, shi ya sa yake son a ce masa Malam. Kowace Lahadi da yamma nake zuwa in haɗa masa mojito shi da abokan kartarsa. Da Hausa yake tarbata, Hausar da ta tsufa tare da shi, yana tambayar gida da gajiya da mutanen Maradi ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa nuna mini akwatin gwala-gwalan matarsa, don kawai yana kewarta. Ni kuma na je na gaya wa Garba.

Muka jira lokacin zafi, da abokansa suka tafi hutu. Ran nan hasken rana yana tsakiyar falo, shi kaɗai ne a gidan. Garba ya ba ni kwalbar a ƙasan bene, ya ce ya ƙara mata ƙarfi don tsofaffi ba su da nauyin barci. Na shiga kicin, na danna na'a-na'a, na zuba rom, na juye maganin duka, na ƙara sukari don ya rufe.

Malam Andre ya kurɓa, ya ɗan ɓata fuska.

"Yau akwai ɗaci, ɗana. Ko ganyen ya yage? Ɗanɗana ka ji."

Ya miƙo mini kofin. Na dube shi, na ji bakina yana cewa, "Malam, ai ka san ni Musulmi ne, ba na sha."

Tsohon nan ya dafe ƙirji. "Pardon, ɗana, pardon. Na manta. Ka gafarta mini." Sai ya shanye tas, don kada in ji kunyar aikina.

Ba a daɗe ba kansa ya langaɓe. Amma ba irin barcin waɗancan ba ne. Leɓɓansa suka canza launi, numfashinsa ya koma wani gurnani mai tsayawa yana dawowa. A kan teburin gefensa na ga jerin magungunan ciwon zuciya, waɗanda nake gani kowace Lahadi ban taɓa tambayar na mene ne ba. Na kira sunansa, na girgiza shi, na yayyafa masa ruwa, ko motsi.

Waya ta yi ƙara, Garba ne. Na ce masa mutumin yana mutuwa.

"Wanke kofin ka fito," ya ce. "Tsoho ne, za a ce ajali."

Na kai kofin bakin famfo, har na kunna ruwa. Daga falo na ji numfashin ya tsaya, na ƙirga a raina, bai dawo ba sai can. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kuma ba tsoron kaso ba ne. Na kashe famfon na kira lambar agaji.

Da masu agajin suka iso, wata likita ta durƙusa a kansa, ta ɗago ta tambaye ni da Faransanci me ya sha. Na ce mojito. Ta ce, "Da me kuma? Ka faɗa yanzu, in ban sani ba zan iya rasa shi." Na san abin da ke bayan amsar. Na zaro ƴar kwalbar daga aljihu na sa mata a hannu. Ta karanta, ta dube ni sau ɗaya, ba ta sake kallona ba. Kafin su sauko da shi ƴan sanda sun hau.

Ya rayu, amma bai sake komawa gidansa ba. A kotu ƴarsa ta ce rabin jikinsa ya mutu, an kai shi gidan kula da tsofaffi. Garba ya gudu, ni aka ɗaure. Kawu ya zo gidan kaso sau ɗaya. Ya zauna ya ce, "Da sunan addini ka rufe bakin mutumin da ya amince da kai." Ya tashi ya tafi. Na rubuta wa Malam Andre wasiƙa uku ina roƙon gafara, duk suka dawo ba a buɗe ba. A shekarata ta uku a ciki aka gaya mini ya rasu.

Yanzu na fito. Kawu ya karɓe ni, na koma ɗaukar buhu a Guillotière, ina neman gafarar Allah safe da yamma. Ku saurare ni, ƙannena. Ranar da kuka ɗauki ƙaramin abu ba a kama ku ba, ku ji tsoron ranar, ba sa'a ba ce. Kada ku riƙe haram ɗaya kuna taƙama da ita alhali hannunku yana cikin goma. Abin da ba za ku iya kai wa bakinku ba, kada ku miƙa wa kowa.

Hukuma ta ce na gama biyan laifina. Amma mutumin nan ya roƙe ni gafara da guba a hannunsa, ni kuma ban samu tasa ba. Za mu tsaya gaban Allah ni da shi, kuma har yau ban san abin da zan ce ba.