Hajjo Mai Dambu da Tafiye-tafiyen da Ba Su da Hatimi

Duk falken da ya yi zirga-zirgar Guangzhou kafin wasannin Olamfik ya san ɗakin Hajjo mai dambu, can saman wani tsohon bene a bayan kasuwar Canaan. In mutum ya gama ciniki, ga gajiya ga kewar gida, sai ya hau a zuba masa dambu da zogalen da ake kawo mata daga Maraɗi. Kanawa na ce mata 'yar Nijar. 'Yan Nijar kuwa, da sun ji Larabcin da ke faɗowa cikin Hausarta, sai su ce ai mutuniyar Sudan ce. Ba ta taɓa yi wa kowa musu ba.

Mahaifinta mutumin Tasawa ne. Ya kama hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya noman auduga, a can aka haife ta. Tana budurwa suka ƙetara Jidda ta ruwa. Bayan iyayen sun rasu aka kwashe ta cikin marasa takarda, aka sauke su a Njamena. Daga nan motocin kaya suka yi ta miƙa ta, Maiduguri, Kano, har Maraɗi, inda ta auri Tankari mai fataucin wandunan jins. Shi ya yi faɗi-tashin da aka ba ta fasfo, shi ya kawo ta Guangzhou. Ciwon hanta ya ɗauke shi, aka binne shi a garin. Hajjo ta zauna da tukunyarta.

Shekarar wasannin sai gari ya tsuke. Biza ta yi wuya, 'yan sanda suna tare baƙi a bakin kasuwa suna duba takardu. A daidai lokacin fasfon Hajjo ya mutu. Ta aika a sabunta, aka dawo mata da shi, aka ce tunda Sudan aka rubuta a wurin haihuwa, sai ta fara kawo shaidar cewa ita 'yar ƙasa ce.

Saffana, ɗiyar ƙanwar Tankari, mai zuwa sarin mayafai daga Yamai, ita ta zo mata da takardar neman shaidar daga hannun wani lauya. Bayan la'asar suka zauna a tabarma, Saffana ta yi ta cikawa da Faransanci har suka iso inda ake son ƙasashen da mutum ya zauna, da ranar shiga da ranar fita.

"Inna, wace shekara kuka bar Sudan?"

"Shekarar da kogi ya cinye mana gonar albasa."

"Ba za a rubuta haka ba, Inna. Lamba suke so."

"To ni wa ya ba ni lamba, ɗiyata? Cikin buhunan gawayi aka ɓoye mu."

"Jidda fa, kin yi shekara nawa?"

Hajjo ta shiga lissafi da azumi. Wani ta tuna shi da zafi, wani da rasuwar uwarta, sauran duk sun cakuɗe. Ta ce ko goma, ko sha biyar.

Saffana ta ajiye biro. "Mu sa abin da ya yi kama da gaskiya mana. Wa zai je Njamena ya bincika?"

"Me aka rubuta a ƙasan nan, inda zan dangwala?"

"An ce kin rantse duk abin da ke ciki gaskiya ne."

"To ba zan rantse a kan shekarar da ban sani ba. Rubuta musu cewa na manta."

Haka aka yi. Saffana ta jera garuruwan bi da bi, gaban kowanne ta sa "wajen shekara kaza, babu takarda". Guangzhou kaɗai ke da rana da wata.

Takarda ta tafi, Hajjo ta daina sauka ƙasa. Mai kantin da ke gindin benen ke aiko mata da gari da mai. Masu cin dambu suka ragu, don da yawa an hana su biza sun koma gida. In ta ji takalmi mai nauyi a matakala sai ta kashe wuta, ta tsaya cik da ludayi a hannu har ƙarar ta wuce. Ta taga take ganin tutoci da mutanen da suka taru gaban talabijin suna ihu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar Juma'a, da ta saba zuwa ziyarar kabarin Tankari.

An gama wasanni, sanyi ya shigo, sannan amsa ta zo. Ba a ƙi ba, ba a kuma yarda ba. An ce bayanin bai cika ba, sai ta zo Nijar da kanta da shaidu biyu da suka san mahaifinta. Fita kuwa ba ta yiwuwa sai ta miƙa kanta ga hukuma, ta sha tsarewa da tara, a sa ta jirgi da takardar wucewa, kuma ba ta dawowa.

Ta yi ta juya maganar har bazara. Rannan ta wanke tukwanenta ta ba wata maƙwabciya 'yar Gana, ta yafa mayafi ta sauka da ƙafarta, ta miƙa kanta ga hukuma.

A Tasawa ta samu tsoho ɗaya, Malam Babayo, wanda ya ce ya tuna wani saurayi da ya tafi gabas da jaki bai dawo ba, kuma sunan ya yi daidai. Na biyun ne ya gagara, duk tsaran mahaifinta sun riga mu gidan gaskiya. Lauya ya ce ta yi haƙuri, ana dubawa.

Yanzu tana Maraɗi, kusa da tasha, tana sayar da dambu da safe. Wani lokaci falken da ya san ta a Guangzhou kan tsaya ya gaishe ta, ya tambayi labarin takarda.

"Tana nan wurinsu," in ji ta. "In zuba maka da yaji?"