Tiren da Na Kai Wa Madam

Wata Juma'a cikin watan Fabrairu, ina aji huɗu, Madam, malamar ajinmu, ta buga tebur ta ce ranar Litinin kowa ya zo da abincin ƙauyensu, ya faɗi tarihin ƙabilarsa. Aji ya kaure da murna, ban da ni. Duk hutu 'yan ajinmu sukan tafi ƙauye su dawo da buhun gyaɗa, ni iyakata babbar kasuwa ta Marché Central, riƙe wa Inna kwando. Na san in na tashi ba ni da ƙauyen faɗa, dariyar ba za ta ƙare ba.

Gidanmu na unguwar New Bell a birnin Duala babban tsakar gida ne mai famfo ɗaya. Kakana Bahaushe ne, fataucin goro ya kawo shi. Matarsa Iya Bafulatana ce daga Ngaoundéré. A sauran ɗakunan akwai Ya Falmata Babarbariya mai turaren wuta, da Mama Odette 'yar ƙabilar Bamileke wadda ta goya ni lokacin da Inna ke jinya, da Mama Ndome 'yar Duala da ke cewa duk baƙinta ne mu. A wurin wanke-wanke harsuna biyar ake faɗa da su, a shirya da Hausa.

Na sami Iya ina kuka. Ta ce, "Ke da Allah, share majina. Gobe kai wa kowane ɗaki kwanon tuwo." A gidanmu ba a mayar da kwano wayam. Ranar Litinin kwanonin suka dawo da burabusko, da koki, wato alalar wake mai manja, da miyondo na rogo da miyar ndole ta shuwaka, Iya ta ƙara kindirmo. Da ƙyar na ɗauki tiren.

Madam ta leƙa ta ce, "To, wanne ne na ƙauyenku?" Na ce duka, na ce ƙauyenmu New Bell. Aka yi dariya kam, amma da baki cike, har Madam ta nemi ƙarin koki.

Yau ɗana yana karatu a Romaniya. Ya ba ni labarin wani ƙauye da Romaniyawa da Hangariyawa ke zaune tun kakanni, allon garin ma suna biyu ne. Na ce, "Biyu kacal?" Sai dai gidanmu an rushe shi an yi shaguna, ni kuma ina bene, ban san sunan maƙwabciyata ba. Jiya na aika mata da kwano. Ina jira.