Ƙullutun Ƙarƙashin Harshena

Shekara biyu na yi ina yawo da ƙullutu a ƙarƙashin harshena, kamar ƙwayar gurjiya. Ba ya ciwo, sai dai girma. Ni kuwa da harshen nan nake ci nake sha. Tuwo da miyar kifi nake sayarwa a bakin tashar Haɗejiya, kuma ban taɓa auna gishiri da cokali ba, ɗanɗanawa kawai nake yi.

Da magana ta fara yi mini nauyi, yayata ta ja ni wurin wanzamin unguwarmu, wanda ya cire wa kusan kowa beli a gidanmu. Ya leƙa, ya ce mataccen jini ne, yanzun nan zai fita. Ya tsaga. Babu mugunya, babu mataccen jini, sai wani zafi da ya harba har cikin kunnena. Wai bai nuna ba tukuna, in dawo. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji, ba nasa ba.

Daga asibitin garinmu aka tura ni Kano. Suka yanki ɗan kaɗan don gwaji, na dawo gida jira. A makon ne ruwa ya cinye hanya, mota ta daina wucewa. Na zauna ina kallon kogi yana shanye gonakin shinkafa, tsoron ciwon daji yana cina, ban gaya wa kowa ba.

Da hanya ta buɗe na koma. Likitar, wata siririya mai sanyin murya, ta ce ba daji ba ne. Tsiro ne a jikin rigar da ke lulluɓe jijiya, ba kasafai ake ganinsa a baki ba, kuma yawanci ɓare shi ake yi a bar jijiyar lafiya. Amma tabon askar wanzamin nan ya manne su wuri guda.

"Mama, in muka bar shi, zai hana ki haɗiya. In muka cire, wataƙila ɓangaren nan ya daina jin ɗanɗano."

Na tambaye ta ko akwai wata hanyar. Ta girgiza kai. Aka cire.

Ranar da na koma kan tukunya, na ɗebo miya na kai baki. Ɓangaren hagu na harshena ya ji ta kamar ruwan ɗumi, sai na ƙara gishiri, na sake ƙarawa. Wani direba da ya shekara goma yana ci a wurina ya ture kwanon a hankali, ya tambaya ko yau wata ce ta yi girkin.

Na ce masa e, wata ce.